Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masana da Malaman Gona Kan Taki da Ingancin Man Waken Suya

Assalamu alaikum, ya ku malamai masu daraja.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin maganar da ke cikinta ta shafi mai shuka waken suya da mai tatsar mansa da mai cin abin da aka dafa da shi, amma ku ne kuke riƙe da ragamar shawarar da manomi yake bi ranar da zai zuba taki. Abin da ke damuna shi ne, kusan duk shawarar takin da ake ba manomin waken suya an gina ta a kan awo ɗaya tak, wato nauyin amfanin da hekta za ta bayar, alhali ba don nauyi kaɗai ake noma wannan wake ba. Busasshiyar ƙwayarsa tana ɗauke da mai kimanin kashi 20 cikin 100, da furotin kimanin kashi 40, kuma waɗannan biyun su ne ainihin dukiyar da masana'anta take saya. Idan shawararku ta tsaya a bakin sikeli, to ta bar rabin aikin a baya.

Kafin a shiga muhawarar takin gargajiya da na zamani, ya kamata a daidaita a kan abin da ake nufi da mai mai inganci. Man waken suya na yau da kullum haɗi ne na asid ɗin kitse guda biyar: falmitik kusan kashi 11, sitiyarik kusan kashi 4, olik kusan kashi 23, linolik kusan kashi 54, sai linolenik kusan kashi 8. Wannan na ƙarshe jikin ɗan Adam yana buƙatarsa, amma shi ne ya fi saurin haɗuwa da iskar oksijin, shi ya sa man da yake da shi da yawa yakan yi saurin canza wari ya kama maƙaƙi idan ya daɗe a ajiye ko ya sha wuta. Shekaru da dama masana'antu suna magance wannan ta hanyar cusa wa man haidirojin, sai daga baya aka tabbatar cewa hakan yana haifar da kitsen tarans mai cutar da zuciya. A 2015 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta cire irin wannan mai daga cikin abubuwan da ake ɗauka ba su da illa, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a kawar da kitsen tarans na masana'anta daga abincin duniya. Tun daga nan abin da ke cikin ƙwayar tun tana gona ya ƙara muhimmanci, tunda hanyar gyara shi a masana'anta ta ƙuntata. Haka kuma kundin ƙa'idojin abinci na duniya, Codex Alimentarius, wanda aka kafa hukumarsa a 1963, ya sa wa tataccen mai iyaka: awon feroksaid, mai nuna yadda iska ta fara lalata shi, kada ya wuce 10, ƙarfe kada ya wuce miligiram 1.5 a kilo, tagulla kuma kada ta wuce miligiram 0.1.

Adalci ya sa in faɗa tun da wuri cewa taki ba shi ne na farko ba a cikin abubuwan da ke tsara waɗannan alƙaluma. Iri ne na farko. Akwai irin waken suya da masu ƙirƙirar iri suka fitar wanda olik ɗinsa yake kaiwa kusan kashi 75, linolenik ɗinsa kuma bai kai kashi 3 ba, kuma babu takin da zai ɗauki wake na yau da kullum daga kashi 23 ya kai shi can. Yanayi ne na biyu, domin zafi a lokacin da ƙwaya take cika yakan ɗaga olik ya sauke linolenik, sanyi kuma yakan yi akasin haka. Aikin taki ta bayan fage yake biyowa: shi ne yake sa ganye ya daɗe yana aiki ko ya mutu da wuri, ƙwaya ta cika ko ta yamutse, gona ta nuna lokaci ɗaya ko ta rarrabu. Wanda ya ce wa manomi takin gargajiya kaɗai ne yake ba da lafiyayyen mai, da wanda ya ce masa takin zamani ne, duk sun ba shi amsa mai sauƙi a kan tambayar da ba ta da sauƙi. Saiwa ba ta san daga inda sinadari ya fito ba. Abin da ta sani shi ne yawansa da lokacin da ya iso gare ta da abin da ya zo tare da shi.

Inda na fi so ku tsaya ku duba shi ne maganar naitirojin, domin a nan ne ake yawan ɗauko shawarar masara a ɗora wa wake. Waken suya yana buƙatar naitirojin mai yawa, kimanin kilo 80 a kan kowane tan na ƙwaya, amma rabin wannan ko fiye da haka daga iska yake samunsa, ta hanyar ƙwayoyin bakteriya na Bradyrhizobium da ke zaune a cikin 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa. Duk malamin gona zai iya tuge shuka ɗaya a lokacin fure, ya karkaɗe ƙasar a hankali, ya fasa ƙulli ɗaya da farce a gaban manomi. Idan cikinsa ya yi ja-ja kamar nama, yana aiki. Idan fari ne ko kore-kore, ko kuma babu ƙullin ma gaba ɗaya, akwai matsala. Wannan gwajin bai ɗaukar minti biyu, kuma yana gaya wa manomi abin da buhun taki ba zai gaya masa ba. Idan aka cika ƙasa da yuriya, shuka takan rage ƙulla waɗannan ƙulle-ƙulle, kamar mutumin da aka riƙa kawo wa ruwa har gida ya daina yashe rijiyarsa, ranar da aka daina kawowa sai ya rasa duka biyun. Takin da aka zuba da farko yakan ƙare kafin ƙwaya ta fara cika, a daidai lokacin da buƙata ta fi yawa, sai shukar ta koma janye naitirojin daga ganyenta, ganyen ya tsufa da wuri, sukarin da za a mayar mai ya ragu.

Birazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman waken suya a yau, ta gina nomanta a kan cuɗanya iri da waɗannan ƙwayoyin bakteriya maimakon takin naitirojin, bisa aikin masana irin su Johanna Döbereiner da Mariangela Hungria na Embrapa, cibiyar binciken noma ta ƙasar. An ba Hungria Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya a 2025 saboda wannan aiki. Ƙasar da take noma miliyoyin hektoci a haka hujja ce da ba za a kau da kai daga gare ta ba.

Akwai kuma ciniki tsakanin mai da furotin a cikin ƙwaya ɗaya, domin galibi idan ɗaya ya hau ɗayan yakan sauka. Naitirojin da ya yi yawa a ƙarshen rayuwar shuka yakan karkata ta wajen furotin, kason mai ya ɗan ragu. Amma babbar illar ba a nan take ba. Gonar da taki ya yi wa yawa takan yi ganye luf-luf, karan ya yi tsawo ya kwanta, iska ta daina ratsawa, cututtukan fumfuna su samu wurin zama, nuna kuma ta jinkirta. Idan aka girbe irin wannan gona, a ɗebi tafi ɗaya na waken a duba a rana: za a ga wasu ƙwayoyin sun yi ruwan ɗorawa sumul, wasu kore ne har ciki idan an fasa, wasu sun yi baƙi-baƙi a gefen da ya taɓa ƙasa. Koren nan kilorofil ne, yana bin mai ya shiga cikinsa, yana ɓata launinsa, yana hanzarta lalacewarsa idan haske ya taɓa shi, kuma cire shi yana cin kuɗi da kayan tacewa. Masu baƙin kuma su ne suke ɗaga awon sakakken asid, wato asid ɗin kitsen da ya ɓalle daga jikin mai, wanda duk ƙaruwarsa asarar mai ce a wajen tacewa.

Sinadaran da suka fi kusa da mai su ne waɗanda aka fi mantawa da su. Fotasiyam shi ne yake taimaka wa shuka wajen kai sukari daga ganye zuwa kwanso da kuma jure ƙishirwa, kuma kowane tan na ƙwaya yana fita da kimanin kilo 20 nasa daga gona, da kimanin kilo 13 na fosfet, a ma'aunin da ake rubutawa a jikin buhun taki. Idan ya yi ƙaranci, gefen tsofaffin ganyaye yakan yi rawaya sannan ya ƙone, ƙwaya ta fito ƙarama a yamutse, manta ya ragu. A nan ne gazawar kamfa mai 15-15-15, wato mai kashi 15 kowanne na naitirojin da fosfet da fotash (fotasiyam a ma'aunin buhu), take bayyana. Manomin da ya girbe tan 2 a hekta, idan yana so ya mayar da kilo 40 na fotash da kamfa kaɗai, sai ya zuba kusan kilo 270, wanda zai zo masa da kilo 40 na naitirojin da ya haura ɗan abin tada shuka da ƙasa mai rauni take buƙata. An haɗa wannan taki ne da amfanin gona mai son naitirojin a zuciya, ba wake mai samar wa kansa ba.

Fosfaras kuwa shi ne yake ɗauke da kuzarin da ƙwaya take ƙera kitse da shi, kuma ƙulle-ƙullen saiwa ba sa aiki sosai in babu shi. Salfa tana cikin sinadaran da ke fara ƙirar asid ɗin kitse, tana kuma cikin metiyonin da sistin, wasu tubalan ginin furotin waɗanda dama ƙarancinsu shi ne raunin furotin ɗin waken suya. Takin supa na asali yana ɗauke da salfa kimanin kashi 11 zuwa 12, amma takin fosfet irin su TSP da DAP, waɗanda suka fi shi ƙarfin fosfet, kusan babu ita a cikinsu, don haka manomin da ya sauya daga supa zuwa su ya daina zuba salfa ba tare da ya sani ba. A Turai da Arewacin Amurka ma, tun da dokokin tsabtace iska suka rage hayaƙin masana'antu, salfar da ruwan sama yake saukarwa ta ragu, ƙarancinta ya fara bayyana a gonakin da da ba a san shi ba.

Takin gargajiya, na dabbobi ko na ruɓaɓɓen ganye da kara, alherinsa ga mai ya fi zuwa ta wajen ƙasa. Yana sakin abin da ke cikinsa sannu a hankali, yana zuwa da fotasiyam da salfa da ƙananan sinadarai a tare, kuma mafi muhimmanci yana ƙara wa ƙasa ikon riƙe laima. Gwajin Broadbalk na cibiyar Rothamsted a Ingila, wanda aka fara a 1843 kuma yake ci gaba har yau, ya nuna cewa filin alkamar da ake zuba wa tan 35 na takin shanu a hekta kowace shekara ya ninka filayen takin zamani fiye da sau biyu wajen ruɓaɓɓen abin da ke cikin ƙasa, duk da cewa takin zamani yana iya kamo shi a yawan amfani. Gwajin na alkama ne, amma darasinsa na ƙasa ne. Ga waken suya, makonnin da ƙwaya take cika su ne lokacin da yawancin mai yake taruwa, kuma fari a wannan lokaci yakan datse cikar, ya bar ƙwaya ƙarama, wani lokaci ya kashe shukar tun koren bai gama fita daga ƙwayar ba. Ƙasar da za ta riƙe laima na 'yan kwanaki ƙari a wannan gaɓa ta yi wa mai abin da babu wani buhu da zai yi masa.

Sai dai ina roƙonku kada ku bari sunan gargajiya ya rufe muku ido daga illarsa. Kashin kaji yana da naitirojin mai saurin narkewa, idan aka lafta shi zai danne ƙulle-ƙullen saiwa ya kwantar da shuka kamar yadda yuriya za ta yi. Abin da ke cikin takin dabbobi yana canzawa gwargwadon abincin dabbar da shimfiɗarta da yadda aka tara shi, wanda rana da ruwa suka daɗe suna duka ya riga ya zubar da yawancin naitirojin da fotasiyam ɗinsa. Ɗanyen da bai ruɓe ba yana kawo irin ciyawa, yana jawo tsutsar da ke cin iri a ƙasa. Idan aka shekara ana zubawa ba awo, fosfaras yakan taru ya wuce buƙata, takin manyan gidajen kiwo kuma yakan zo da tagulla da tutiya daga abin da ake ƙara wa abincin dabbobi. Takin zamani shi ma yana da nasa. Yuriya da sauran masu amoniya suna tsamar da ƙasa a hankali, kuma idan tsamin ya yi yawa har awonsa na pH ya sauka ƙasa da 6 sosai, fosfaras yakan ɗaure, molibdinam da bakteriyar saiwa ke buƙata ya yi wuyar samu, har sai an zuba farar ƙasa ta gona. Wasu duwatsun fosfet suna ɗauke da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, shi ya sa Tarayyar Turai a dokarta ta 2019 ta sa iyakar miligiram 60 a kowane kilo na fosfet. Irin waɗannan ƙarafa sun fi zama a cikin tunkuza fiye da mai, amma tunkuzar ma dabbobi da mutane ne suke cinta, don haka ba abin rainawa ba ne.

A ganina hanyar da ta fi dacewa da halin wannan shuka ita ce a raba wa kowane taki aikinsa. A zuba takin gargajiya mai yawa ga masara ko wani hatsin da zai gabaci wake a juyin shuka, hatsin ya cinye naitirojin, waken ya gaji ƙasa mai laushi da sauran sinadarai. A auna ƙasa, a cike giɓin fosfaras da fotasiyam da salfa da takin zamani daidai gwargwado, a nesa kaɗan da iri don kada gishirinsa ya ƙona tsiro. A cuɗanya iri da bakteriya mai rai, wadda ba a bari zafi ya kashe ta a ajiya ba, musamman a gonar da ba a taɓa shuka waken suya a cikinta ba. Sannan a tuna wa manomi cewa duk wannan zai iya lalacewa bayan girbi, domin waken da aka adana da laimar da ta wuce kashi 13, ko wanda ya farfashe a wajen sussuka, sakakken asid ɗinsa yakan hau, ƙaron da ke cikin mansa kuma ya ƙi fita da ruwa a wajen tacewa.

Ya ku masu bincike, a nan ne buƙatata gare ku ta fi nauyi. Gwajin da aka yi damina ɗaya a fili ɗaya ba zai iya raba tasirin taki da na yanayi ba, tunda bambancin zafi tsakanin shekara da shekara yana iya motsa olik da linolenik fiye da yadda taki zai motsa su. Gwajin da aka zuba wa wani ɓangare tan da yawa na takin kaji, aka zuba wa wani ɗan kamfa, ba tare da an auna abin da ke cikin takin kajin ba, yawan sinadari ya gwada, ba asalinsa ba. Ina roƙon ku daidaita adadin sinadaran tsakanin ɓangarori, ku yi amfani da iri ɗaya, ku maimaita a shekaru da wurare daban-daban, ku bar ɓangaren da ba a zuba wa komai ba. Ku bayar da kason mai tare da yawan man da hekta ta bayar, domin shukar da yunwa ta kama tana iya nuna kaso mai kyau a ƙwaya kaɗan, wanda ya karanta kason kaɗai ya yaudaru. Ku auna asid ɗin kitse biyar ɗin nan da sakakken asid da kilorofil da tokoferol, wato bitamin E da ke kare mai daga iska, ku kuma ajiye man na wasu watanni ku sake auna feroksaid ɗinsa, tunda a ajiya ne ingancin mai yake bayyana. Idan gwaji ya nuna babu bambanci, ku wallafa shi a haka, domin manomin da zai sayi taki yana da haƙƙin ya san inda kuɗinsa ba zai ƙara masa komai ba.

Akwai kuma abin da ba za ku iya yi ku kaɗai ba, amma muryarku za ta iya motsa shi. Muddin da nauyi kaɗai ake sayen waken suya, manomin da ya kula da fotasiyam da salfa ya girbe cikakkiyar ƙwaya daidai yake a wajen biya da wanda ya kawo kore da yamutsattse, don haka babu abin da zai sa ya ci gaba da wahala. Na'urar da ke auna mai da furotin da laima ta hanyar haske, cikin kimanin minti ɗaya ba tare da an niƙa ƙwayar ba, ta daɗe ana aiki da ita a wuraren karɓar hatsi. Ku zauna da masu masana'antun tatsar mai ku nuna musu da alƙaluma abin da suke asara a wajen tace man koren wake, domin su yarda su sa ƙarin farashi a kan inganci, su kuma riƙa ba manomi takardar sakamakon awon wakensa ya koma da ita gona. Ina kuma roƙon ku sake duba takardun shawarar da malaman gona suke rabawa, ku ware wa waken suya nasa shafi dabam da na hatsi, wanda zai faɗi adadin fosfet da fotash da salfa bisa awon ƙasa, da yadda ake duba ƙullin saiwa, da lokacin da ya kamata a zuba takin dabbobi a cikin juyin shuka, da laimar da za a girbe a kuma adana wake a kanta.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Mai kishin noman waken suya